Tumatirin Watan Maris

Hausawan da ke haɗuwa sallar Juma'a a unguwar Bronx ta birnin New York, 'yan Zangon Kumasi da mutanen Maraɗi da tsirarun Kanawa, ba wanda bai san Na-Kura ba. Tasi yake ja da dare, amma da wuya ka zauna da shi minti goma bai kai ka lambu ba. Shekara ashirin da ɗoriya ya yi yana noman rani a gefen Kadawa da ruwan da ke gangarowa daga madatsar Tiga, yana loda kwandunan tumatir a Kwanar Gafan ana wucewa da su Legas. A 2016, shekarar da wata tsutsa ta faɗa wa tumatirin Kano da Kaduna da Katsina, ta cinye nasa har da na bashi. Wansa da ya daɗe a Amurka ya yi masa hanya, bayan 'yan shekaru iyali suka biyo baya. Asiri ya rufu, yara suna makaranta, sai dai hannunsa bai daina ƙaiƙayin ƙasa ba.

A bayan benen da suke haya akwai wani fili da aka kewaye da waya, tsakanin dogayen gine-gine biyu. Lambun unguwa ne. Ba gwamnati ce ta fara irin waɗannan lambuna ba. A shekarun 1970 birnin ya shiga matsin kuɗi, masu gidajen haya suna tsere wa gine-ginensu, gobara tana cin unguwannin Bronx layi-layi, aka bar kangaye da juji. Mazauna ne suka gaji da maƙwabtaka da bola, suka ɗauki shebur. A 1973 wata mata mai suna Liz Christy da abokan tafiyarta suka share wani fili a Manhattan suka shuka shi, daga baya hukumar birni ta ba su hayarsa a kan dala ɗaya a wata. A 1978 aka kafa shirin GreenThumb domin tallafa wa irinsu, yau kuwa lambunan da ke ƙarƙashinsa sun haura 550. Masu lambunan har gobe ba mai karɓar ko sisi. Aikin gayya ne wanda ba ya ƙarewa da la'asar, kuma babu tuwo a ƙarshensa.

Na-Kura ya rubuta suna, ya jira, a watan Fabrairu aka kira shi. Wanda ya tarbe shi dattijo ne ɗan Jamaika, tsohon direban bas da ya yi ritaya, shi ke riƙe da makulli da littafin lambu. Ya nuna masa kominsa: akwatin katako, ƙafa huɗu a faɗi, takwas a tsawo, cike da ƙasar da aka sayo daga waje. Ya ce ba a shuka abin ci a ƙasar filin kai tsaye, domin tsohon fentin gidajen da suka rushe da hayaƙin tsohon fetur sun bar gubar dalma a ciki. Na-Kura ya tuna yaran Zamfara da dalma ta kashe a 2010, ya gyaɗa kai. Wannan ce kaɗai dokar da ya karɓa ba tare da ƙorafi a zuci ba.

Sauran dokokin kuwa sun yi masa nauyi. Kowa zai ba da wasu awanni a wata ga aikin kowa da kowa: juya taki, ɗiban ruwa, shara, da zaman ƙofa, domin daga Afrilu zuwa Oktoba dole lambun ya kasance a buɗe ga jama'a awa 20 a mako. Komin da aka bari ya yi wata ba a kula shi ba, na gaba a layi ake ba.

Da ya haɗu da abokinsa ɗan Kumasi a masallaci ya ce, "Mutumina, ka ji wai ni da na shayar da eka uku, a ba ni akwatin da bokiti biyu ke ƙosarwa, kuma a ce in riƙa tura baron ruɓaɓɓen ganye."

"Ai kai ka nema," in ji abokin.

A tsakiyar Maris aka yi fitar farko. Sauran dusar ƙanƙara na nan a gindin bango, ta yi baƙi da ƙura, bishiyoyi tsirara. Mutum goma sha suka zo cikin rigunan sanyi, kowa da kofin shayinsa. A cikinsu akwai wata tsohuwa 'yar Puerto Rico, ta doshi tamanin, tana cikin waɗanda suka kwashe baraguzan filin da hannunsu tun tana da ƙarfinta. Yaran unguwa Kaka suke ce mata da harshensu, Na-Kura kuwa ya ce mata Mama.

Kafin kowa ya sa fartanya, tsohuwar ta duƙa ta damƙi ƙasa, ta matse, ta buɗe hannu, ta tsokani dunƙulen da yatsa. Ya wargaje. Ta ce to, a fara. Da ya tsaya a cure yana sheƙin ruwa, da an koma gida, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa in aka kafta ta, ƙulle-ƙulle take yi har ƙarshen shekara. Ta fito da waken fis da ta jiƙa tun daren jiya, tana lotsa yatsa iyakar gaɓa ɗaya tana jefa ƙwaya, a gindin ragar da zai hau. Ta ce al'adar nan ita ce a shuka fis wajajen 17 ga Maris, ranar bikin mutanen Ireland, amma ita ƙasa take tambaya, ba ranar biki ba. Irin latas ta barbaɗa shi sama-sama, ta ɗan danna da tafin hannu, don ba ya son a binne shi. Karas kuwa ta gauraya shi da irin radish, wani ɗan jan tushe mai yaji-yaji, a layi ɗaya. Karas yakan yi mako biyu zuwa uku kafin ya leƙo, radish kwana kaɗan ne ya fito ya nuna inda layin yake, cikin mako huɗu an tuge shi an bar wa karas wuri. Can gefe wasu suna dasa 'yan ƙananan kawunan albasa, wasu suna shuka alayyafon Turawa, tafarnuwar da aka binne tun Oktoba kuwa ta riga ta huda ciyawar da aka rufa mata.

Na-Kura ya ga dabarar radish, ta burge shi, bai ce ba. Ya tura baro sau biyu ya zame.

Shi yana da nasa shirin. Tun Janairu ya yi renon tumatir da tattasai a tagar ɗaki kusa da hita, a cikin robobin madara da ya huda. Sun tashi kore shar. Ƙarshen Maris sai gari ya sake, rana ta fito kwana huɗu a jere, zafi ya kai digiri 20, samari suka cire rigunan sanyi. Da hantsi ya kwaso robobinsa goma sha biyu a kwali ya nufi lambu. Ya tarar da tsohuwar tana ɗaure raga.

"Ɗana, ina za ka da waɗannan?"

"Dashe zan yi, Mama."

"Mayar da su taga. Sai tsakiyar Mayu."

Ya yi murmushi. "Mama, tumatir ɗan sanyi ne. Da kuɗinsa na yi aure, da kuɗinsa na gina gida."

"Sa hannunka cikin ƙasar ka ji."

Bai sa ba. Ya ce mata Allah ya ƙara girma, ya ci gaba da haƙa rami. Ta dube shi, ta koma kan ragarta.

Ba ƙarya ya faɗa ba, kuma abin da ya sa maganar ta yi haɗari ke nan. A Kura, garinsu, da kaka ake reno, a dasa gab da hunturu, tumatir ya yi ƙiba cikin sanyin Disamba da Janairu. Abin da ake tsoro shi ne zafin da ke shigowa daga Maris, mai zubar da fure. Latas da kabeji da karas da tumatir duk lokaci ɗaya ake yin su, komi kusa da komi, don haka a wurinsa dangi ɗaya ne. Sai dai sanyin Kano, duk tsananinsa, da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10, kuma bai taɓa daskarar da ruwa a randa ba. A New York dangin nan rabuwa suke yi. Fis da latas da alayyafon Turawa suna tsira a ƙasar da ba ta wuce digiri 5 ba, kuma suna jure raɓar ƙanƙara. Tumatir kuwa da zarar dare ya sauka ƙasa da 10 ya daina girma, in ya kai sifili ya mutu. Ranar da ta yi kwana huɗu ta ɗumama fatar mutane ne kawai, ƙasan komin tana nan da sanyin wata uku a cikinta. Da ya lotsa yatsa da ya ji, domin yatsan nan ya fi na kowa a lambun sanin ƙasa. Abin da ya hana shi, a ganina, shi ne wadda ta ce ya lotsa.

Kwana biyar ganyen tumatir ya fara komawa shuɗi-shuɗi ta ƙasa. Ya ce gigin dashe ne. A dare na bakwai iska ta tsaya cik, sama ta washe babu ko ɗigon girgije. Masu lambun can sun san irin wannan dare, ɗumin da ƙasa ta tara da rana yakan tsere sama ba abin da zai tare shi. Da magariba Mai Makulli ya aika saƙo a zauren WhatsApp na lambu: ana sa ran ƙanƙara kafin asuba, duk mai hali ya fito a rufe shuka. Na-Kura ya riga ya fice daga zauren tun mako na biyu, wai saƙonni sun yi yawa. Yana can yana kai fasinja filin jirgi, mutum shida suka fito da tocila da tsofaffin zannuwan gado da farin yadin rufe shuka, suka bi komi-komi.

Da ya tashi aiki bayan asuba ya biya ta lambu. Ciyawa ta yi fari fat, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. A kominsa ya tarar da bokitai da robobi a kife, ɗaya kan kowace shuka, an ɗora musu duwatsu don kada su tuntsure. Ya ɗaga na farko. Tumatirin ya yi baƙi ya langaɓe kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Ya ɗaga sauran, duk haka. Shukar da ta yi mako tana jinya, bokiti bai isa ya cece ta ba. A komin tsohuwa kuwa fis ya fito tsawon ɗan yatsa, ƙanƙara a kan ganyensa, ko gezau. Ya tsaya yana kallon bokitan. Ya gane biyu daga ciki, nata ne.

Daga ranar ya daina bin layin lambu, ko da kuwa zai zagaya ta bayan shagon wanki. Abokinsa ɗan Kumasi ya tambaye shi yaushe za a ci miyar ɗanyen tumatir, ya canza zance. Matarsa ta yi shiru mako biyu, sannan wata safiya tana zuba masa shayi ta ce, "Malam, kwana biyu ban ga takalmin lambu ya motsa ba."

"Aiki ne ya yi yawa."

"Allah ya rage. Amma kai da ka yi asarar eka uku, washegari ka sa hularka ka tafi kasuwa, yau tumatir goma sha biyu ne suka hana ka bin layi?"

Ya daɗe yana juya cokali. "A can kowa ya yi asara, Hajiya. Nan ni kaɗai ne, kuma sai da aka faɗa mini."

Ta ce, "Ai wadda ta faɗa maka ita ta fita cikin dare da bokiti." Ta ɗauki butarta ta ba shi wuri.

Ƙarshen Afrilu Mai Makulli ya kira shi ta waya, ranar Asabar akwai taro, kuma maganar kominsa tana ciki. Na-Kura ya ji kamar an sauke masa kaya. Zai je ya ce ya haƙura, a ba wani, shi ke nan. Ya isa da wuri don kada ya tarar da jama'a.

Komin da yake zaton zai tarar cike da ciyawa, sai ya ga layi uku na latas, da layin alayyafon Turawa, da jajayen kawunan radish sun turo ƙasa. Autarsa, 'yar shekara goma sha uku, tana tsugune a gefe da wandon makaranta tana tsinke ciyawa. Ta miƙe a tsorace.

"Baba, Kaka ce ta ba ni iri. Ta ce in aka bar shi haka za a karɓe. Umma ta sani."

Ya buɗe baki ya rufe. Ya duƙa ya dubi latas ɗin, ya ga an shuka shi da yawa a wuri ɗaya. Hannunsa da kansa ya fara ragewa, yana barin tazarar taƙi tsakanin kowanne.

Aka zauna a kan bencina a ƙarƙashin rumfa. Mai Makulli ya buɗe littafi ba tare da kwana-kwana ba. Na-Kura awa ɗaya ya yi tun Maris. Yarinya ta yi goma sha ɗaya, har da zaman ƙofa tare da tsohuwa. Wasu suka ce ai gida ɗaya ne, a rubuta masa. Sai wani saurayi ɗan Bangladesh ya miƙe, ya ce mahaifiyarsa, ga ta nan zaune, shekara biyu tana jira, kowace Asabar tana zuwa taya aiki alhali ba ta da ko taƙi ɗaya na ƙasa, doka kuwa ba ta ce 'yar mai komi ba, mai komi ta ce. Gaskiyarsa ce, kowa ya sani, shi ya sa wurin ya yi tsit.

Na-Kura ya miƙe da Turancinsa na tasi. Ya ce awannin nan na yarinya ne, kada a rubuta masa abin da bai yi ba. Ya ce an gaya masa bai ji ba, an rufe masa shuka cikin dare bai zo ya yi godiya ba, wannan ya fi asarar tumatirin muni. A ba baiwar Allah nan komin, ta fi shi cancanta. Ya ciro ɗan makullin ƙofa da aka ba shi ya ajiye a kan benci.

Tsohuwar, wadda ba ta ce uffan ba tun farkon taro, ta tura masa makullin da bakin sandarta.

"Ɗauki abinka. Makulli muna da shi da yawa. Mai ɗiban ruwa ne ba mu da shi, ga gwiwata ta ƙi."

Aka yi dariya, aka yi ja-in-ja kaɗan, aka tsaya a kan raba komin biyu: rabi na matar 'yar Bangladesh da zarar an tuge radish, rabi na Auta da babanta, da sharaɗin zai biya bashin awanninsa kafin ƙarshen Mayu. Ba a riga an buɗe musu famfon titi ba, wanda sai da takardar izini ake jan ruwa daga gare shi, don haka daga durom-durom ɗin ruwan sama ake ɗiba da bokiti. Yakan zo daga aiki da sassafe, ya yi sawu goma sha, ya juya taki, sannan ya je ya kwanta.

A cikin ɗiban ruwan ne ya leƙa 'yar rumfar leda inda ake renon shukar kowa da kowa: tumatir, tattasai, yalo, da alayyafo irin namu, wanda Mai Makulli yake nomawa don miyar ƙasarsu. Kusan rabin tsiron sun kwanta, gindinsu ya tsuke ya ruɓe daidai fatar ƙasa. Ya san wannan ciwo tun yana bin mahaifinsa. Ya kusa yin magana, sai ya tsaya, ya je ya sami tsohuwa.

"Mama, kullum haka renon nan yake yi?"

"Kowace shekara. Mun ce ko irin ne."

"Mutum nawa ke ba shi ruwa?"

Ta ƙirga da yatsu. Uku, wani lokaci huɗu. Duk wanda ya shigo ya ga tsiro sai tausayi ya kama shi ya zuba. Na-Kura ya ce alherin ne ya yi yawa. Mutum ɗaya zai riƙa shayarwa, da safe kawai, kuma sai saman ƙasar ya bushe. A rage cunkoso, a ɗage ledar da rana iska ta ratsa. Tsohuwa ta kira Mai Makulli, aka rubuta a kwali aka manna a ƙofar rumfa cewa kada kowa ya taɓa butar reno sai Na-Kura. Waɗanda suka kwanta sun tafi, sauran suka tsaya da ƙafarsu. Da Mayu ya kama tsohuwa ta nuna masa yadda ake fitar da su waje awa biyu a inuwa, gobe a ƙara, har mako ɗaya ko kwana goma kafin dashe. Ya ce a Kura ma haka ake yi, ana janye rumfar kara a rage ruwa don dashe ya yi tauri, a can rana ake koya musu, a nan sanyi.

Ranar Asabar ta tsakiyar Mayu aka yi rabon dashe, Auta ta karɓi tumatir huɗu. Kuɓewar da Na-Kura ya ɓoye irinta a aljihu, Mai Makulli ya ce ta ƙara haƙuri har Yuni, ƙasa ba ta kai ɗumin da take so ba. Ya mayar da ita aljihu.

Suna cikin haƙa rami sai ga matar 'yar Bangladesh da ɗanta, ɗauke da dogayen sanduna. Duma za ta shuka, irin wanda suke miya da ɗanyensa, kuma tana so ta kafa masa rumfa a nata rabin, wanda ya faɗo ta kudu. Na-Kura ya dubi tsawon sandunan, ya dubi ramukan Auta. A Kano rana ta tsakar ka take bi, inuwar tsakar rana ba ta nisa da gindin mai ita. A nan bai sani ba. Ya ajiye fartanya ya je wurin tsohuwa.

"Mama, in zafi ya yi sosai, ta ina rana take wucewa a filin nan?"

Ta ɗaga sanda ta zana masa hanya a sama, daga kan benen gabas, ta karkata kudu, ta sauka bayan shagon wanki. Ta ce duk abu mai tsawo arewa ake kai shi, in ba haka ba ya cinye ranar na bayansa.

Ya koma ya yi wa matar sallama, ya yi wa ɗanta bayani, ɗan ya juya mata da harshensu. Ta dubi sama, ta dubi ramukan, ta yi wata magana mai tsawo.

"Ta ce a yi musaya," in ji saurayin. "Ku dawo kudu, ita ta koma arewa. Amma ta ce ƙasar ɓangarenta ta fi taki, buhu biyu ta zuba da kuɗinta."

Na-Kura ya ce zai biya ta da baro uku daga tulin da yake juyawa, in Mai Makulli ya yarda. Mai Makulli ya ce biyu, tulin na kowa ne. Auta ta cike ramukan da ta haƙa, ta koma ɗaya ɓangaren ta fara sababbi, babanta kuma ya riƙe wa saurayin sanda yana bugawa.